Zuwa ga Farfesa Nentawe: tsintsiyar nan fa maɗaurinta ya fara kwancewa

Ranka ya daɗe shugaban jam'iyyar APC na ƙasa, Farfesa Nentawe Yilwatda, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali, ya aiki, ya haƙuri da jama'a.

Ni dai tela ne, shagona na nan cikin Anguwan Rogo a Jos ta Arewa, ba ni da wani muƙami a jam'iyya, abin da kawai zan iya bugun ƙirji da shi shi ne tun ANPP nake cikin tafiyar nan, da aka kafa CPC na bi Buhari can, da aka yi maja a 2013 aka haifi APC da ni aka shiga, kuma zaɓe uku a jere, 2015 da 2019 da 2023, ni ne ejan a akwatinmu, tun asuba nake fita da biro biyu a aljihu ba na komawa gida sai an ƙirga an liƙa sakamako a bango na ɗauki hoto. Na faɗi wannan ne don kar wani cikin yaranka ya karanta ya ce maka ai ɗan adawa ne aka biya ya rubuta. Wallahi ba wanda ya ba ni ko sisi, datar da zan ɗora rubutun nan ma da kuɗin ɗinki na saya.

Kai na zaɓa in rubuta wa saboda kai namu ne, ɗan Filato, ɗan Kanke, ranar 24 ga Yuli 2025 da aka sanar an ba ka kujerar nan har shagona mutane suka zo suna min barka kamar ni aka naɗa. Sannan ka san zaɓe ciki da bai, ka riƙe kwamishinan hukumar zaɓe a Binuwai, ka zo ka tsaya takarar gwamna a 2023 ka samu ƙuri'a 481,370 Mutfwang na PDP ya samu 525,299, tazarar ko dubu 44 ba ta kai ba, to wanda ya taɓa ɗanɗana irin wannan ya san abin da ƙuri'a goma goma a kowane akwati ke iya yi wa mutum. A akwatinmu kai ka ci, da hannuna na sa hannu a takardar. Kuma kana cikin 'yan tsirarun da za su iya shiga wurin Shugaba Tinubu su zauna su yi magana ba tare da sun nemi alfarma wurin kowa ba.

Bari in fara maka da abin da ya hana ni barci har na ɗauki waya nake wannan rubutun. Kwanakin baya wata baiwar Allah ta shigo shagona, dattijuwa ce, ita ce ke tara mana matan layinsu duk lokacin zaɓe, a 2023 ita kaɗai ta fito da mata sun fi talatin har da wata tsohuwa da aka ɗauko a keke napep don ba ta iya tafiya. Ta ciro turmin atamfa daga leda, irin ta kamfen ɗin nan mai hoton Jagaba, wato Tinubu, da tsintsiya, sabuwa fil ko wanki ba ta gani ba, ta ce Malam yanka min ita za ka yi, ka yi wa jikokina shafin riguna, amma ka juya fuskar ta koma ciki. Na ce haba Hajiya, atamfa mai kyau haka? Ta ce ɗan nan ɗayar da na ɗinka na ɗaura na shiga gidan suna, ko ruwa ban sha da daɗi ba, mata sai cewa suke ga uwar tafiya ta zo, ina sauƙin da kika ce mana? Ta ce ni ba ni da bakin ba su amsa, kuma ba zan ƙara ƙwanƙwasa ƙofar kowa in ce ta fito ba. Ba ta zagi kowa ba, ba ta ce ta koma wata jam'iyya ba, ta dai biya kuɗin ɗinki ta tafi. Na shimfiɗa atamfar a tebur na sa almakashi, ranka ya daɗe hannuna har rawa yake, don na tuna 2015 a wannan teburin mutane da kuɗinsu suke sayen yadi su kawo a yi musu riga mai hoton Baba Buhari, mai turin baro ya sayi katin tallafa wa kamfen ya zo yana nuna min yana murna, ba wanda ya ba shi ko ruwan leda.

Na san abin da ake nuna muku a Abuja. Gwamnan Delta ya shigo a Afrilu 2025, na Akwa Ibom ya biyo a Yuni, na Enugu da na Bayelsa su ma sun ɗauki tsintsiya, sanatoci da 'yan majalisa kullum sai an karanta wasiƙar wani a zaure, tun Mayu 2025 aka taru a fadar shugaban ƙasa aka ce Tinubu ne ɗan takara tilo a 2027, zaɓen cike gurbi na Agusta kuma APC ta kwashe mafi yawan kujerun. Duk gaskiya ne ban musa ba. Duk wanda ya kalli wannan zai ce ai ba a taɓa shugaban da ya riƙe jam'iyyarsa tamau kamar wannan ba. To amma ni da nake ƙasa abin da nake gani shi ne shugaban ƙasa gwamnoni ya riƙe, jam'iyyar kuwa tana zame masa, don jam'iyya ita ce Hajiyar nan da matanta talatin, ita ce yaron da ke hawa falwaya ya ɗaura tuta ba a biya shi ba, kuma waɗannan a hankali suke sulalewa ba wanda ke karanta wasiƙarsu a majalisa.

Mu a Filato ma ai bai kamata a ruɗe mu da maganar gwamnoni sun sa hannu ba. Ka tuna Mayu 2013, zaɓen shugaban ƙungiyar gwamnoni, an ce an gama magana, ɓangaren Jonathan sun tsayar da gwamnanmu na lokacin Jonah Jang, da aka shiga aka kaɗa ƙuri'a a asirce Amaechi ya tashi da 19 Jang 16. Mutanen da suka yi maka dariya da rana su ne suka dangwala wa wani da dare. Watanni kaɗan bayan nan, 31 ga Agusta, ana tsakiyar babban taron PDP a dandalin Eagle su Atiku da gwamnoni suka tashi suka fice, zuwa Nuwamba biyar sun dawo wurinmu, Kwankwaso da Wamakko da Nyako da Abdulfatah na Kwara da Amaechi. Duk da haka a 2014 PDP ta sake taruwa ta ce Jonathan ne ɗan takara tilo, gwamnonin da suka rage suka yi ta rantsuwa, aka yi ta gangami jiha jiha ana cika filin wasa da mutanen haya. Ranar da aka ƙirga Buhari miliyan 15.4 Jonathan miliyan 12.8. Jam'iyyar da shugabanta Ogbulafor ya taɓa cewa shekara 60 za ta yi tana mulki, 16 ta yi. Mu muka yi musu wannan aikin fa, da a kasa a tsare a raka, shi ya sa abin ke ba ni tsoro in na ga muna taka sawunsu ɗaya bayan ɗaya har da irin kalaman da suke yi.

Kuma Jonathan ma da ƙuri'a mai kauri ya hau a 2011. Mu fa 2023 da kyar muka sha. Tinubu 8,794,726, Atiku 6,984,520, Obi 6,101,533, Kwankwaso 1,496,687, wato in ka haɗa na waɗancan ukun sun fi namu da kusan miliyan shida, rabuwar kansu ce ta cece mu ba ƙarfinmu ba. Legas gidan Jagaba ta tafi wurin Obi. Katsina gidan Buhari, yana kan mulki, ta tafi wurin Atiku, haka Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Gombe da Yobe da Bauci, da yawansu kuma gwamnonin APC ne a kai lokacin. Kano Kwankwaso ya kwashe kusan miliyan ɗaya. Abuja inda ofishinka yake ko kashi 25 ba mu samu ba. Nan Filato kuwa gwamnanmu Lalong shi ne darakta janar na kamfen ɗin ƙasa baki ɗaya amma Obi ne ya ci jihar. To in gwamna yana juya ƙuri'ar jiharsa kamar yadda ake juya tuwo, ya aka yi duk wannan ya faru? Wannan tambayar nake so ka ajiye a gaban duk wanda ya zo maka da lissafin muna da gwamna kaza.

Mu nan Jos ta Arewa ma mun taɓa nuna wa jam'iyya misali tun kafin nan. Bayan rasuwar ɗan majalisar wakilanmu Haruna Maitala, Allah ya jiƙansa, aka yi zaɓen cike gurbi na Jos ta Arewa da Bassa a Fabrairu 2022, kujerar APC ce, gwamna na APC, shugaban ƙasa na APC, amma rigimar fidda gwani ta sa mutanen unguwanninmu suka yi fushi suka bi PRP, jam'iyyar da yara da yawa sai a lokacin suka fara sanin alamarta makulli ce. PDP ta ci, PRP ta zo ta biyu, mu muka zo na uku. A sati biyu zuwa uku aka koya wa tsofaffi inda za su dangwala, a majalisar shayi da zaure da gidan biki, ba talabijin ba jirgi. Mutanen nan sun riga sun gane hanyar fita, kuma wanda ya taɓa fita sau ɗaya na biyu ba ya masa wuya.

Abin da ke riƙe su da can kowa ya sani, Buhari ne. Mutum ɗaya da ko bai ci ba yake tashi da miliyan 12 kamar yadda ya yi a 2003 da 2011, in ya ɗaga hannu ya ce sak to har kansilan da ba a san sunansa ba sai ya haye. Mutane da yawa ma sun ji haushin mulkinsa, musamman canjin kuɗin nan na farkon 2023 da muka kwana a layin banki har gwamnonin APC uku, Kaduna da Kogi da Zamfara, suka kai gwamnatinsu ƙara kotun ƙoli, amma duk da haka akwai kunyarsa a idon talaka. Ranar 13 ga Yuli 2025 Allah ya karɓi abinsa a Landan aka kai shi Daura. Yanzu wa zai ɗaga hannu a Arewa a bi shi ido rufe? Ka duba da kyau ranka ya daɗe, babu. Kalmar da ke bakin kowa yanzu cancanta, kuma in ka ji ɗan unguwa na cewa cancanta to yana gaya maka ne kar ka sa rai da shi.

Ba sai na tsaya ina karanta maka tsadar rayuwa ba, ka riƙe ma'aikatar jinƙai ka ga takardun. Amma bari in faɗa maka yadda take a shagon tela. Ranar 29 ga Mayu 2023 da shugaban ƙasa ya ce tallafin mai ya tafi, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, kafin sati ta wuce 500, zuwa ƙarshen 2024 ta haura dubu, dala da ke wajen 460 a banki ta wuce 1,500, zare da allura da zif da man keke duk suka bi ta. A Oktoba 2024 da layin wuta ya lalace Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu, na rufe injin aiki na koma keken ƙafa da dutsen guga na gawayi, yarana biyu masu koyon aiki na ce su zauna gida don ba abin da zan sallame su da shi. Magidancin da ke kawo min shadda kala uku da sallah yanzu tsohuwar rigarsa yake kawowa a rage ta a ba ɗansa. An ce mafi ƙarancin albashi ya koma dubu 70, to mu da ba ma ɗaukar albashi fa? Ba zan zalunci gwamnati ba, bashin karatun ɗalibai na NELFUND na san yaran da suka samu a layinmu kuma ya taimaki iyayensu, dala ta ɗan tsaya wuri ɗaya, kayan abinci sun sauko ba kamar 2024 ba. Sai dai ka je Mangu ko Bokkos ka ji manomi, shi kuma saukar ce ta kashe shi, ya sayi taki da tsada masara ta faɗi warwas, wani kwastoma na ya rantse min baɗi ba zai noma masara ba sai abin da zai ci da iyalinsa. Kuɗin da aka ce an tara daga cire tallafi gwamnoni ake turawa, shi ya sa su suke ta murna suna shigowa, talaka kuma yana kallo yana lissafi, yana cewa ashe wahalata ce ta zama ribarsu. Ko daidai ne ko ba daidai ba haka mutane suka fahimci abin, kuma ban ga wanda jam'iyya ta turo ya zauna da su ya warware musu ba.

Akwai kuma abin da ya fi yunwa ciwo. Yaran nan da aka kama bayan zanga-zangar Agusta 2024 aka kawo su kotu a Abuja ranar 1 ga Nuwamba, ƙasusuwa a waje, wasu suna faɗuwa a gaban alƙali, wallahi a shagona da aka kunna bidiyon ba wanda ya iya magana, wani dattijo da muke CPC tare ya tashi ya fita yana share ido. Shugaban ƙasa ya sa an sake su, mun gode, amma hoton ya riga ya zauna a zuciyar mutane. Ga jinin da ke zuba a jiharmu, daren Kirsimeti na 2023 a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi mutum sama da ɗari, Afrilu 2025 aka sake a Bokkos da Zike ta Bassa, a Yuni kuma 'yan ɗaurin aure daga Zariya da suka ɓata hanya aka tare su a Mangu aka kashe. Ni Musulmi ne, maƙwabcin kasuwancina da nake sayen yadi wurinsa a Terminus Kirista ne, kowannenmu yana da gawar da yake kuka a kanta kuma kowannenmu tambaya ɗaya yake yi, wa aka hukunta? Tikitin Musulmi da Musulmi da aka tallata mana a 2023, da shi muka shawo kan mutane da yawa a nan ba zan ɓoye ba, yau in ka ɗauko maganar sai a ce maka ai mai bindiga ba ya tambayar tikiti, kuma mai awo ma haka.

Sannan a saman ma da ake cewa lafiya lau, ni ban ga lafiyar ba. Kai ne shugaba na uku tun hawan gwamnatin nan, Abdullahi Adamu ya ajiye a Yuli 2023, Ganduje ya ajiye a Yuni 2025, ba a taɓa fitowa an yi wa 'yan jam'iyya bayani mai gamsarwa ba. El-Rufai, wanda yana cikin gwamnonin Arewa da suka tsaya kai da fata a 2022 cewa mulki ya koma Kudu lokacin da aka so a kawo Ahmad Lawan, ya fice a Maris 2025. Amaechi da ya zo na biyu a fidda gwani ya tafi, Malami ya tafi, Aregbesola da ake ce wa ɗan gidan Jagaba shi aka naɗa sakataren ADC, jam'iyyar haɗakar 'yan adawa, a 2025, har Oyegun da ya ja jam'iyyar nan ta ci zaɓen 2015. Za ka ce masu jin haushi ne don ba a ba su muƙami ba, wataƙila haka ne, ni ma ba duka nake ganin girmansu ba, amma su Kwankwaso ma a 2013 haka PDP ta kira su. Sanata Ndume ya fito ya ce mutane na jin yunwa kuma ba a samun ganin shugaban ƙasa, sai aka cire shi daga bulaliyar majalisa a Yuli 2024, to wa kuma zai ƙara faɗin gaskiya? Ga abin da ya faru a Gombe a Yuni 2025, taron jam'iyya na Arewa maso Gabas, don kawai an ambaci Tinubu ba a haɗa da Kashim Shettima ba aka tashi da jifa da kujeru sai da jami'an tsaro suka fitar da manya. Waɗanda suka yi jifan nan fa ba 'yan ADC ba ne, daliget ɗinmu ne da katin jam'iyya a aljihu. Maganar mataimaki kalma ɗaya ce daga bakin shugaban ƙasa ta kashe ta, barinta tana yawo kuwa kullum ƙara tsaga bango take.

Masu shigowar nan kuma, ina roƙonka ka dube su da idon basira. Al'adar da aka ɗauka ita ce gwamna in ya shigo shi ne jagoran jam'iyya a jiharsa, to mutumin da ya sha duka da kora da ɗauri shekara goma yana riƙe da tsintsiya a ƙarƙashin wannan gwamnan, yau an ce ya koma bayan layi, wanda ya kore shi daga aiki shi zai rubuta sunan ciyaman da kansila da daliget. Kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi kenan. Wannan mutumin ba zai yi taron manema labarai ba, zai yi shiru ya karɓi hula da atamfa, ranar zaɓe ya gaya wa iyalinsa inda za su sa. Shi kuma gwamnan da ya shigo don ya tsira da kujerarsa, ranar zaɓen shugaban ƙasa daban ranar tasa daban, mun ga yadda aka yi a 2023 ai, jihohi nawa aka faɗi ta sama aka ci ta gwamna bayan sati uku?

Kar ka ɗauka ina ce maka mutane sun rungumi haɗakar ADC da aka ƙaddamar a Abuja ranar 2 ga Yuli 2025. A majalisar shagona in aka ambace su wani zai ce ai su ne dai na jiya, wani ya ce sai sun fidda ɗan takara tukuna mu ga ko za su iya zama inuwa ɗaya. Matasa wasu na maganar Obi, abin da a 2023 ba ka isa ka faɗa a layinmu ba, wasu Kwankwaso, wasu Atiku. Amma mafi yawa abin da suke cewa shi ne ba za su fita ba, katin ma na buɗe asusu ne kawai. A 2003 kusan kashi 69 na masu rajista suka fita, 2015 wajen 44, 2019 wajen 35, 2023 ko 27 da kyar. Wani zai ce to ai in ba su fito ba mai gwamnati ke cin riba. Ni dai a akwatinmu na san su waye ke zama a gida, namu ne, waɗanda ke jin kunyar su zaɓi wani kuma zuciyarsu ta ƙi ba mu. Masu fushi na gaske kuwa tun ƙarfe bakwai za ka same su a layi.

Abin da nake roƙo ba mai yawa ba ne. Ka zo gida ba da jiniya ba, ba a otal ko filin Polo da za a cika maka da 'yan sai ka yi ba, ka shigo Anguwan Rogo da Gangare da Rikkos da Tudun Wada da Kabong, ka sa a kira maka ejan ejan na akwatuna su kaɗai ban da ciyamomi, ka tambaye su mutum nawa kowa zai iya fitarwa yau in aka ce gobe zaɓe, ka rubuta da hannunka, ka sa a yi haka a Kano da Katsina da Bauci, sannan ka ɗauki takardar ka kai wa shugaban ƙasa yadda take ba gyara. Ka gaya masa mutane ba sadakar taliya da shinkafa mudu biyu suke nema ba, taki suke so a kan lokaci da wuta da hanyar gona da za a bi a dawo da rai, kuma kuɗin ƙananan hukumomi da kotun ƙoli ta ce a ba su kai tsaye tun Yuli 2024 muna so mu gan shi a ƙasa. Fidda gwani mai zuwa kuma don girman Allah a bar mutane su zaɓa, kar a zauna a ɗaki a Abuja a rubuto suna a ce maslaha, ka ga abin da ɗauki ɗora ya jawo mana a nan. In an yi wa tsofaffin 'yan jam'iyya adalci su da kansu za su karɓi baƙin da hannu biyu.

Rigunan jikokin Hajiya na gama su, shafin na ciki kamar yadda ta ce, suna rataye a shago ba ta aiko an karɓa ba tukuna. Littafin da nake rubuta sunayen mutanen akwatinmu tun 2015 yana cikin durowar keke, jiya na ɗauko na bi shi layi layi da jan biro, waɗanda suka rasu daban, waɗanda suka tashi daban, waɗanda kuma na tabbata in na je ƙofarsu yau za su ba ni ruwa su ba ni haƙuri su ma daban, kuma su suka fi yawa. Har yanzu ban yanke ko zan karɓi takardar ejan a 2027 ba, ina so in karɓa, shekara sama da ashirin ba wasa ba ce, amma sai na san abin da zan faɗa in na yi sallama a gidajen nan. In ka shigo Jos ka tambayi layin teloli a Anguwan Rogo, zan nuna maka littafin ka gani da idonka.

Allah ya taya ka riƙo, ya zaunar mana da Filato da Najeriya lafiya.

Naka,
wani tela kuma ejan ɗin akwati,
Anguwan Rogo, Jos ta Arewa.